Aure Ba Takarda: Haƙƙin Matan Sojojin da Suka Rasu a Gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji

Tsakure

Wannan takarda ta duba kuɗin da hukuma ke biyan matar soja bayan rasuwar mijinta, da abin da ke hana kuɗin isa hannunta a ƙauyukan gundumomin Agiye, Gazawa da Gidan Rumji na jihar Maraɗi. Ta bi tarihin fanshon mazan jiya na rundunar Faransa daga dokar 1959 zuwa gyaran 2011, sannan ta dawo kan tsarin Nijar na yau. Hujjarta ita ce haƙƙin matar yana rataye ne a kan takardar aure, alhali auren yankin a zaure ko a masallaci ake ɗaura shi. Ko takardar ta samu, rabon gado da sharaɗin rashin sake aure suna cinye mafi yawan abin da ya rage.

Gabatarwa



Ranar 10 ga Disamba 2019 ƴan ta'adda suka afka wa sansanin soja na Inates, kusa da iyakar Mali, suka kashe sojojin Nijar 71. Bayan wata guda, ranar 9 ga Janairu 2020, aka kashe wasu 89 a Cinagodar. Duk wuraren biyu a jihar Tillaberi suke, nesa da Maraɗi, amma rundunar Nijar daga kowace jiha take ɗiban mutanenta, don haka mutuwar da aka yi a bakin iyakar Mali har a ƙauyukanmu ake karɓar gaisuwarta. Hukuma ta yi zaman makoki na kwana uku, aka sassauto da tuta. Matar mamaci kuwa takaba ta shiga, wata huɗu da kwana goma. Abin da ya dame ni shi ne ranar da ta fita takaba. Me ke hannunta a ranar, kuma nawa ya zube a hanya kafin ya iso gare ta?

Mata iri biyu nake magana a kansu. Akwai tsofaffi, matan mazan jiya da suka yi wa Faransa soja kafin ƴancin kai, waɗanda haƙƙinsu ke wuyan baitulmalin Faransa. Akwai kuma matan sojoji da jandarmomi da ƴan gardin Nijar, da yawansu ƴan mata ne masu goyo, waɗanda haƙƙinsu ke wuyan gwamnatin Yamai. Na dogara ga dokoki da hukunce-hukuncen kotu da aka buga, da ayyukan masana tarihi.

Ƙasar da mace ke komawa

Soja yana zaune da iyalinsa a bariki ko a gidan haya a Yamai, Tawa, Agadas ko Diffa. In ya rasu, matar takan tattara ta koma garinsu ko garin dangin mijin: Agiye ko Cadawa, Gazawa ko Gangara, Tibiri, Cadakori, Gidan Sori. Gazawa a ƙarƙashin Agiye take har 2011, lokacin da aka ɗaga ta ta zama gunduma mai zaman kanta. Kudancin Maraɗi na cikin wuraren da jama'a suka fi cunkushewa a Nijar, gandu ya rarrabu tsakanin magada har gonar da ta ci da gida ɗaya jiya yau gida huɗu ke kallonta. A 2004 Marthe Doka da Marie Monimart suka nuna yadda wannan ƙarancin fili ke fara fitar da mata daga noma, domin gamanar da miji kan yanka wa matarsa ita ake fara janyewa in ƙasa ta yi kaɗan. Matar sojan da ta dawo ƙauye ba ta da gamana tun asali, tunda mijinta da albashi yake ci da ita. Fanshon nan, gare ta, shi ne hatsin shekara.

Gidan Rumji tana da nata ƙarin nauyi. Tun 2019 take karɓar ƴan gudun hijira daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina, kuma sojojin aikin Farautar Bushiya suna artabu da ƴan bindiga masu satar shanu da mutane a bakin iyaka. Yanzu ba sai an je Tillaberi ko tafkin Cadi ba kafin mai kaki ya rasa ransa.

Gadon Faransa: fanshon da aka daskarar

Faidherbe, gwamnan Faransa a Senegal, shi ne ya kafa rundunar da aka sani da Tirailleurs Sénégalais a 1857, kuma sunan Senegal da ke ciki bai hana a ɗebi mutane daga ko'ina a yammacin Afirka ba. Daga 1919 aikin soja na shekara uku ya zama tilas a kan wanda ƙuri'a ta faɗa wa. Nijar ba ta ba da adadi irin na Mali ko Burkina ba, amma ta bayar, kuma ƴaƴanta sun yi yaƙin duniya na biyu, sun je Indocina da Aljeriya. Tsohon shugaban ƙasa Seyni Kunce kansa a rundunar Faransa ya fara soja, ya kuma yi waɗannan fagage biyu na ƙarshe. Sarah Zimmerman, a littafinta na 2020 kan auren waɗannan sojoji, ta nuna yadda hukumomin sojan Faransa suka daɗe suna kai-kawo kan wace mace za a rubuta a matsayin matar soja ta halal, tunda alawus da fansho duk a kan amsar suka rataya. Matsalar takardar aure da muke kuka da ita yau ta girmi jamhuriyar Nijar.

Ranar 26 ga Disamba 1959 majalisar Faransa ta zartar da dokar kasafi wadda sashenta na 71 ya daskarar da fanshon ƴan ƙasashen da suka samu ƴanci. Yawanci in ana labarin wannan doka, maganar adadi ake yi: kuɗin tsohon soja ɗan Afirka ya tsaya cak inda yake, na abokin yaƙinsa Bafaranshe yana ta hawa shekara bayan shekara. Wannan zalunci ne, babu tababa. Amma akwai ɓangaren da ya fi shafar mata, wanda ba a cika faɗi ba. Dokar ta mayar da fanshon ya zama diyya ta mutum ɗaya, iyakar rayuwarsa, ta kuma rufe ƙofar buɗe sabon haƙƙi. Ma'ana, ranar da tsohon ya rasu, ranar kuɗin ke mutuwa. A dokar Faransa matar soja tana karɓar rabin fanshon mijinta bayan mutuwarsa, kowane maraya kuma kashi 10 cikin 100 har ya kai shekara 21. Matar Bafaranshe ta ci gaba da karɓa. Matar da ke Gazawa, mijinta ya yi yaƙi ɗaya da wancan, ta tashi hannu rabbana.

An ɗauki shekara arba'in ana ja. A 1989 kwamitin kare haƙƙin ɗan Adam na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ba Ibrahima Gueye da wasu tsofaffin sojojin Senegal, su 743 gaba ɗaya, gaskiya a kan Faransa, amma Faransa ba ta motsa ba. Ranar 30 ga Nuwamba 2001 babbar kotun harkokin mulki ta Faransa ta yanke a shari'ar Amadou Diop, tsohon saja ɗan Senegal, cewa bambanta fansho saboda ƙasar mutum ya saɓa wa yarjejeniyar Turai kan haƙƙin ɗan Adam. Diop bai ga hukuncin ba, ya rasu tun 1996, iyalinsa suka ci gaba da shari'ar.

Gyaran da ya biyo baya a ƙarshen 2002 ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ake ganin yadda doka kan ba da abu da hannun dama ta karɓe da na hagu. Sashe na 68 na wannan doka ya yarda matar mamaci ta nemi rabonta daga 1 ga Janairu 2002. Sai dai ya ƙara da cewa za a duba halin iyalin mutumin ne kamar yadda yake a ranar da aka daskarar da fanshon ƙasarsa. Mu auna wannan da rayuwar Maraɗi. Mutumin da ya bar soja a farkon shekarun 1960 yana ɗan shekara talatin, da ɗan kuɗinsa da martabarsa a gari, zai ƙara aure, zai rabu da wata, wata za ta rasu ya sake. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bayyana yadda maza da mata kan yi aure fiye da ɗaya a tsawon rayuwa, ba tare da kowa ya ga abin mamaki ba. Matar da ta yi jinyar tsohon, ta rufe masa ido, kusan kullum ita ce wadda ya aura daga baya. Ita ce ke raye a 2002, kuma ita ce dokar ta tsallake.

A 2006 fim ɗin Indigènes na Rachid Bouchareb ya tayar da ƙura, shugaba Jacques Chirac ya sa aka daidaita kuɗin mayaƙa da na naƙasar yaƙi daga Janairun 2007, amma fanshon ritaya da rabon mata suka ci gaba da zama a baya. Sai ranar 28 ga Mayu 2010 majalisar tsarin mulkin Faransa ta soke dokokin bambancin, a ƙarar iyalan Labane, wata uwa da ɗanta daga arewacin Afirka. Ya kamata a lura cewa ƙarar matar mamaci ce ta rushe ginin. Daga 1 ga Janairu 2011 aka daidaita lissafi, amma cikakken gyara sai wanda ya rubuta ya nema, cikin wa'adin ƴan shekaru, zuwa ofishin fanshon soja da ke La Rochelle. Tsohuwar da ke wani ƙauye na Gangara, ba ta karatun boko, littafin sojan mijinta gara ta ci ko yana hannun ɗan kishiya, ta ina za ta ji labarin wa'adin, balle ta cika shi? Yau hanyar ta ƙara tsawo, domin ofishin jakadancin Faransa a Yamai a rufe yake tun Janairun 2024.

Tsarin Nijar

An kafa rundunar sojan Nijar ranar 1 ga Agusta 1961, a shekarar kuma aka kafa asusun ritaya na ƙasa don ma'aikatan gwamnati. A 2012 aka yi dokar kafa hukumar CARENI domin ta riƙe harkar fansho. A kan tsarin Faransa aka ɗora ginin: ana yankar wani abu daga albashi, mai aiki ya ci fansho in ya yi ritaya, in ya rasu matansa da marayunsa su karɓi wani kaso, ga kuma kuɗin mutuwa da ake biya sau ɗaya ga iyalin wanda ya rasu yana bakin aiki. Bayan Inates da Cinagodar, a 2020, gwamnatin Mahamadu Isufu ta kafa asusun waƙafi na musamman don iyalan jami'an tsaron da suka faɗi a fagen daga. Ba za a ce doka ta manta da matar soja ba. Inda gizo ke saƙa shi ne tsakanin doka da ƙofar ɗakinta.

Takardar da ba a yi ba

Kafin a biya mace, sai ta haɗa takardar mutuwar mijin, da takardar aure, da takardun haihuwar yara, da takardar zaman dangi da ake yi gaban alƙali, da shaidar cewa tana raye kuma ba ta sake aure ba. A cikin waɗannan, takardar aure ce ke kayar da mafi yawa. A Agiye aure yana tabbata da waliyyi da shaidu da sadaki, liman ya yi fatiha, a raba goro. Gari duka ya san wance matar wane ce. Babu wanda ke tuna ma'aikatar magajin gari ranar buki, ko da yake dokar rajistar haihuwa da aure da mutuwa ta 2019 ta tanadi a bayyana auren gargajiya da na addini a rubuta shi. In wa'adin bayyanawa ya wuce, sai an je kotu an nemi hukuncin da zai tsaya a madadin takardar.

Yin wannan miji na raye abu ne mai sauƙi. Yin sa bayan ya mutu wani abu ne daban. Matar tana cikin takaba, ba ta fita. Shaidun da alƙali zai saurara galibi dangin mijin ne, wato mutanen da wataƙila suna da ido a kan kuɗin. Ga kuɗin mota zuwa babban garin gunduma, daga can zuwa Maraɗi, wani lokaci har Yamai, tafiyar fiye da kilomita 600. Kowace takarda tana da ranar da take daina aiki, kafin a samu ta biyar ta farko ta tsufa. Wani lokaci kuma takardar tana nan, amma ta wata ce: soja ya rubuta uwargida lokacin da ya fara aure, ya ƙara ta biyu bai kai sunanta ofis ba, ko ya saki ta farko bai sa an goge ta ba. A idon ofis, wadda ta bar gidan shekara biyar da suka wuce ita ce matarsa.

A nan misalin Tongo Tongo yana da amfani. A harin da aka kai a wannan ƙauye ranar 4 ga Oktoba 2017 sojojin Amurka 4 suka mutu tare da abokan aikinsu ƴan Nijar. Iyalin sojan Amurka da ya mutu a bakin aiki suna karɓar dala 100,000 cikin ƴan kwanaki. Ban kawo adadin don a kwatanta ba, aljihun ƙasashen biyu ba ɗaya ba ne. Abin koyi shi ne saurin, kuma sirrin saurin shi ne kowane soja yana da takarda a fayil ɗinsa mai sunan wanda za a biya, ana sa shi ya sabunta ta kafin a tura shi fagen daga. Wannan ba ya buƙatar arzikin Amurka.

Fansho ko gado?

A ce takardu sun cika. Zaman dangi ya naɗa wakili, sau da yawa wan mamaci ko ƙanensa, kuɗi suka fito ta hannunsa. Sai a kira malam a ce a raba bisa shari'a. A rabon gado, matar da mijinta ya bar ƴaƴa tumuni take samu, in ba ƴaƴa rubu'i, kuma in matan sun fi ɗaya wannan kason suke rabawa. Mu ɗauki misali don lissafi kawai. Mutum yana da fanshon sefa 80,000, ya bar mata biyu da yara. In aka bi ma'aunin rabi, matan suna da 40,000, kowace 20,000. In dangi suka ɗauki 40,000 ɗin nan a matsayin gado, tumuninsa 5,000 ne, kowace mace ta tashi da 2,500.

Yawancin masu yin haka ba ɓarayi ba ne. Tsoron cin haƙƙin magada ne ke sa su, kuma tsoro ne mai kyau. Amma an ɗora shi inda ba wurinsa ba. Gado shi ne abin da mamaci ya mallaka ranar da ya mutu: gonarsa, baburinsa, albashin da yake bin hukuma. Wannan a raba shi yadda Allah ya ce. Kuɗin da hukuma ke ba matar duk wata bayan mutuwarsa bai taɓa shiga mallakarsa ba, kuma da ba shi da mata da ba a biya kowa ba. Malaman fiƙihu da yawa na wannan zamani a kan haka suke, cewa mai bayarwa shi ke faɗin wanda ya ba. Akwai masu cewa tunda daga albashinsa aka yanka, akwai rabon magada a ciki. Ina girmama wannan ra'ayi, amma ina ganin na farko ya fi ƙarfi, domin abin da ake biyan matar ba ya bin yawan abin da aka yanka, yana bin tsawon rayuwarta ne. Asusun waƙafi na 2020 ya zo da hujjar da malamanmu suka riga suka sani: a waƙafi sharaɗin mai bayarwa ake bi, babu mai kiran amfaninsa gado.

Ba na mance iyayen mamaci. Tsohuwar da ɗanta soja ke aika wa buhun hatsi ita ma ta yi rashi, kuma sau da yawa yunwarta ce ke tura dangi su taɓa kason surukarta. Maganin wannan shi ne doka ta yanka wa iyaye nasu kaso a fili. Nijar ba ta da dokar iyali guda, daftarin da aka yi an janye shi a 2011 bayan ƙungiyoyin addini sun ƙi shi, kuma kotuna al'adar masu shari'a suke bi a maganar aure da gado. Saboda haka alƙalin gunduma da limamin gari su ne ke da wuƙa da nama, kuma da su ya kamata a zauna.

Sake aure

A tsarin da muka gada, matar da ta sake aure ta rasa rabonta. An yi wannan ƙa'ida ne da tunanin tsohuwar da ta rasa tsohonta. Matan da yaƙin yau ke bari wasunsu ba su kai shekara ashirin da biyar ba, kuma a ƙasar Hausa ba a barin irinsu su zauna. Da ta fita takaba manema za su fara zuwa, iyaye su matsa, addini ma aure yake ƙarfafawa. An bar ta da zaɓi uku: ta yi aure ta rasa kuɗin da take ciyar da marayu, ta ƙi aure ta sha maganar gari, ko ta yi auren a ɓoye ta riƙa sa hannu a kan shaidar ƙarya. Ƙa'idar da ke koya wa mace ƙin rubuta aurenta tana haifar da matsalar da muka fara da ita. Ingila ta soke irin wannan sharaɗi ga matan sojojinta daga Afrilun 2015. Ko Nijar ba ta iya kaiwa nan ba, tana iya ba wadda ta sake aure kuɗin ƴan shekaru a dunƙule, ta kuma tabbatar kason marayu yana bin wanda yaran ke hannunsa.

Abin da za a iya yi yanzu

Gyara mafi araha a bariki yake. Kowace shekara, da kuma kafin a tura runduna fagen daga, kwamanda ya sa kowane soja ya sabunta takardar iyalinsa, jami'in rajista ya zo har cikin bariki ya rubuta auren da ba a rubuta ba, a ba kowace mace kwafinta a hannu. Ga waɗanda mazansu suka riga suka rasu, kotun tafi-da-gidanka da ake kaiwa ƙauyuka don yi wa yara takardar haihuwa tana iya ware rana guda don aure, a Cadawa ko Tibiri ranar kasuwa, a kuma karɓi shaidar liman da mai gari ba ta dangin miji kaɗai ba. Kuɗin kuma ya shiga asusu mai sunan matar, na banki ko na waya, ba ta hannun wakili ba.

Isar da labari ga matan ba sai an ƙirƙiri sabon abu ba. Ƙungiyoyin Mata Masu Dubara, da aka fara a jihar Maraɗi a 1991, suna zama duk mako a ƙauyukan gundumomin nan uku, kuma sun san wadda ke takaba kafin kowane ofis ya sani. In aka koya wa mace ɗaya a kowace ƙungiya jerin takardun da ake nema da inda ake samunsu, an rage rabin wahalar. Matan mazan jiya kuwa su ne na gaggawa, domin shekaru sun ja. Ɗaliban Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo ta Maraɗi suna iya bin ƙananan hukumomin ɗaya bayan ɗaya a lokacin hutu, su rubuta sunayen waɗanda ke raye, su ɗauki hoton littafin soja da lambobin yabo da duk wata takarda da ta saura a cikin adaka, a miƙa wa ofishin tsofaffin sojoji na ƙasa ya bi musu kadin haƙƙinsu.